Hutun Na'Allah a Kwatano

Na'Allah ya buɗe sabuwar lemarsa a tsakar gida, ya juya ta, ya rufe, ya sake buɗewa. Rana kuwa ƙwal, sama fes kamar an share ta. Har kaji sun gaji da kallonsa.

Shekara ta biyu ke nan damina tana yi wa Sabon Birni rowa. Ruwan shuka ya sauka sau ɗaya, aka fita da murna aka zuba iri, gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke kai. Daga Burkusuma har Tozai zancen ɗaya ne: in aka ƙara 'yan kwanaki a haka, shukar ta tafi, kuma babu wani irin a rumbu. A wannan hali ne Na'Allah yake shirin tafiya hutu. Mu Gobirawa ba mu san wani hutu ba sai na Sallah da na zazzaɓi, amma ga namu zai buɗe hanya.

Ƙanensa Kalilu, mai shagon hatsi a Kwatano ta ƙasar Benin, shi ya bugo waya ya gayyace shi. Ya ce can ruwa ake shekawa ba ƙaƙƙautawa, ya zo ya huta ya kashe kwarkwatar idonsa. Ya kuwa sosa masa inda yake ƙaiƙayi, don Na'Allah ya fi son hadari a kan nama. Da gabas ta yi duhu zai fito ƙofar gida ya riƙe ƙugu, ya ɗaga murya yana kwarzanta hadarin, baƙinsa, nauyinsa, yadda ya taho da ciki fal. Yakan ce duk garin babu wanda ya san hadari kamarsa, kuma ba a taɓa yi masa musu ba. Abin da ke cin ransa shi ne ya manta rabon da ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Ko ɗan yayyafin da aka samu ranar roƙon ruwa bai same shi ba, don liman ya aike shi garin Isa tun da sassafe.

Da farko kunya ta kama shi. Wane irin magidanci ne zai bar shuka tana ƙonewa ya tafi kallon ruwan wasu? Ya je majalisa a ɗarare yana jiran a yi masa ca, sai ya ji dattawa suna sa albarka. Illo, maƙwabcinsa na gona, wanda ko fartanya bai taɓa ara masa ba, ya rantse zai kula da geron kamar nasa. Wani ya kawo takalmin roba, wani rigar leda. Matarsa Tasalla ta soya ƙuli-ƙuli, ta ɗaure kaya tun ba a sa rana ba. Na'Allah ya shige ɗaki ya share ƙwalla. Ashe haka ake ƙaunarsa a garin nan bai sani ba.

Sai shiri ya kankama. Ya sayi gidan sauro da maganin zazzaɓi. Ya tsara zai je bakin teku, zai ci kifi ɗanye sharaf daga kwalekwale, zai tsaya tsakiyar titi ruwa ya dake shi son ransa. Har zolayar da zai yi wa abokan wasansa Yarabawan can ya tanada.

Ranar tafiya, Wakili direba ya tsayar da babbar motarsa, cike da dabbobin da makiyaya ke rabuwa da su saboda rashin ciyawa. Rabin gari ya fito rakiya. Ana cikin loda kaya sai iska ta juya, gabas ta fara haɗa rai. Na'Allah ya hango. Ya saki jaka, hannu ya nufi ƙugu.

"Malam, sha hura, hanya da nisa," in ji Tasalla, ta kafa masa ƙwarya a baki.

Yana sauke ƙwaryar liman ya ɗaga hannu ya shiga addu'ar matafiyi, doguwa, ba wurin numfashi sai amin. Ana shafawa Illo ya tallabe shi ya cusa gaban mota. Na'Allah ya ce ko a ɗaga tafiyar zuwa gobe, a ga abin da hali zai yi. Wakili ya ƙure rediyo ya taka mota.

Hanya ta yi tsawo, ƙasa tana ƙara kore, bakin Na'Allah yana ƙara sakewa. A Kwatano ya tarar da abin da ya zo nema har ya yi yawa. Ruwa iya gwiwa a layin su Kalilu, buhunan hatsi an ɗora su kan benci, na ƙasa sun fara tsiro. Maƙwabta sun yi dafifi suna jiransa, har da matan Yarabawa masu durƙusa masa. Daɗi ya rufe shi, ya manta da zolayar. Sunansa ya tsallake iyaka ke nan.

Bai ko zauna ba wani baƙin hadari ya taso daga teku, irin wanda bai taɓa gani ba ko a mafarki. Jama'a suka dare masa hanya. Kalilu ya kama hannunsa ya hawar da shi kan wani durom, ya juya shi ya fuskanci hadarin.

"Yaya, Tasalla ta bugo, tun da kunka wuce Isa ruwa bai tsaya ba gida, gero ya tashi, sun ce a gode maka," in ji Kalilu. "Yanzu saura mu. Don Allah buɗe bakin nan naka ka yaba wanga hadari kamar yadda ka saba, ko mu samu shi watse."