Jan Zare a Hannun Baba Nomau

Ranar Asabar aka wuni ana yayyafi. Tun da aka kafa dokar raba 'yan kallo daidai, na'urar bakin ƙofar filin dambe ke zaɓa wa kowa ɗan damben da zai yi wa ihu. Ta ɗaura wa Baba Nomau jan zare, alamar Jatau, abokin karawar ɗansa Sallau.

Ya roƙi mai gadi. "Yaro, canja mini. Sallau ɗana ne fa."

"Baba, ba ni da iko. In ka yi shiru ma, Sallau za a kora."

Dole tsoho ya buɗe murya: "Jatau! Jatau!"

Sallau ya gane muryar, ya waiwayo. Nan naushi ya same shi.

Ran nan Sallau ya rasa wasan da haƙora biyu. Baba Nomau kuwa ya rasa mai gaishe shi da safe.