Warin Taba a Ɗakin Dijatu

Dijatu ta tura kwalin taba ƙarƙashin filo, amma yayarta, Adda Juwairiya, ta riga ta gani.

"Ba kin ce kin daina ba?"

"Na daina, Adda."

"To wannan fa? Warin har zaure yake kaiwa. Maƙwabta sun fara magana."

Tun da aka binne mijin Dijatu, Mu'awiya, baban 'yarta Nuriyya, direban hanyar Maiha, faɗa ba ya shigarta. Duk unguwa an san taba ce ta cinye masa huhu, shi ya sa Adda ta kasa gane mata.

Tsakani da Allah ta gwada bari. Ta tauna goro, ta yi ta wanki har hannu ya saɓule, ta je Digil ta yi kwanaki gidan kawunta. Amma da la'asar ta yi sai ta rasa inda za ta sa kanta.

Adda ta ɗauke kwalin ta tafi. Dijatu ta kwance bakin zaninta, ta zaro kara ɗaya, ta kyasta ashana.

Ba ta kai shi baki ba. Ba ta taɓa kaiwa ba a rayuwarta. Ta ɗora shi a gefen faranti kusa da kujerar marigayin, ta juya baya tana tsince shinkafa, har hayaƙin ya cika ɗakin kamar lokacin da yake dawowa da la'asar.

"Sannu da dawowa, Baban Nuriyya," ta ce.