Gidan Kwara

Gidanmu na bayan garin Funtua, Bature ne ya gina shi da dutse. Wani Kwara ɗan Labanan, mai sayen auduga, ya saya ya ƙara baranda. Mahaifina Malam Sule ya saya, ya yi masa zauren ƙasa. Amma kowa Gidan Kwara yake cewa.

Wata la'asar yana yaɓen zauren, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, na ce, "Baba, yaushe za a kira gidan nan da sunanka?"

Bai juyo ba. "Sai ba na ciki."

Bara na koma. Baƙi ne a ciki, an rushe zauren. Mai babur ya tsaya, ya ce, "Ga Gidan Malam Sule."

Na ce mu wuce.