Tsohon da Ke Auna Ruwan Shuka

Ka zo mini da ƙorafi, Injiniya, cewa manhajar da kake gwada da'irar lantarki a cikinta ta ƙi ba ka amsa. A duk inda sashen da wutarsa ke hawa da sauka sannu a hankali ya haɗu da sashen da bai san komai ba sai ɗaya da sifili, manhajar kan dasa tafinta da kanta, ta yanka masa iyakoki biyu. Yau wutarka ta tsaya tsakaninsu, tafintan ya rubuta cewa bai sani ba, kai kuma kana so ka matse iyakokin su zama guda. Kafin ka taɓa su, saurari wannan.

A wani ƙauye an yi wani tsoho mai auna ruwan shuka. Damina ba ta shigowa da shela. Takan fara da ƙamshi daga gabas, sai gajimare mai tafiya kamar garken tumaki, sai yayyafi. Iri kuwa wuri biyu ya sani, ko rumbu ko rami. Saboda haka duk safiyar da aka yi ruwa, tsohon kan tona ƙasa ya gwada zurfin danshi da sandarsa, wadda ya yi wa tsaga biyu, ɗaya a yatsa huɗu, ɗaya a yatsa takwas. Idan danshi bai kai huɗu ba, ya ce a dakata. Idan ya wuce takwas, ya sa a buga gangar shuka. Idan ya tsaya a tsakani, sai ya zauna gindin gawo ya yi shiru.

Wata shekara danshi ya tsaya a yatsa shida. Akwai wani manomi da ƙwarya ɗaya ta irin gero ta rage masa a duniya, ya kuma daɗe yana ganin gonarsa shar a mafarki. Ya ce, "Baba, ka ce e ko a'a mana, wannan shirun ba ya cika ciki." Tsoho ya ce, "Ƙasa ba ta gama magana ba, ɗana." Manomi ya sari tasa sandar, ya yi mata tsaga ɗaya tak a yatsa biyar, ya ga danshi ya wuce ta, ya shuka irinsa kaf. A kwana na huɗu gona ta yi tsanwa kamar yadda ya gani a barci. Kowace la'asar hadari kan haɗu, ya yi baƙi, ya watse. Kwana goma sha ɗaya ba ɗigo, tsiro ya sunkuya, ya zama ƙaiƙayi. A rana ta goma sha biyu sama ta buɗe, washegari aka buga ganga, gari ya fita da sungumi. Shi kuwa yana tsaye a bakin gonarsa, riƙe da ƙwarya wadda babu komai a cikinta.

Shi ya sa magabata suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.