Ranar da Baba ya ce "sori"

Ina ƙarama Baba ya saki hannuna a kasuwar Roxy don ya gyara ƙunshin atamfofin da ke kansa, sai cunkoso ya raba mu. Wata mai soya ayabar nan da ake kira aloko ta zaunar da ni kusa da kaskonta ina kuka, tana ta ce mini "yako, yako", wato sannu a yarensu. Har yau in na ji ƙamshin mai a wuta a wurin nan sai in damƙe hannun ɗana har ya yi ƙara.

Can bayan la'asar sai ga Baba, ba ƙunshi, takalmi ƙafa ɗaya. Mutum ne da ban taɓa jin ya ba yaro haƙuri ba. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Sori, uwata."

Na tsaya da kukan. "Mene ne sori?"

"Ingilishi ne. A bakin 'yan Kano na tsince shi, can unguwar Treichville. In sun taka mutum, shi suke faɗa."

"To ai ba ka taka ni ba."

Ya share mini majina da bakin rigarsa, bai kalle ni ba. "Na sani. Shi ne dai ya fi sauƙin fita daga bakina."