Direban da Ya Buɗe Bonet da Hannunsa

In za a bi ta bakin wani direban motar haya, tun da aka fara shimfiɗa kwalta a ƙasar nan ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamarsa ba. Ya ce ko wanda gobara ta cinye wa rumbu ya fi shi sa'a. To ga yadda aka yi. Injin motarsa ya tsufa, yana shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya, in ya tayar da shi da safe sai maƙwabta su kwashe shanya saboda hayaƙi. Da ƙyar ya tattara ƙarfinsa ya sayo injin tokumbo, wato na hannu daga ƙasar waje, mai lafiya, makaniki ya ɗora. Nan kam ya yi dabara, don jikin motar garau yake, sauya inji ya fi sayen wata sauƙi nesa ba kusa ba. Makanikin ya ce masa, "Maigida, kowane inji da lambarsa. Ka ɗauki rasit ka je ofishin lasisi a sa sabuwar lamba a takardunka kafin ka hau titi." Gogan naka ya karkata hula, ya ce ba yau ya fara tuƙi ba. Ranar da ya ware don zuwa ofis, a wurin mai fenti ta ƙare, ana rubuta masa "Sai Kallo" a bayan mota.

Ana nan wani manomin rani ya ɗauke shi shata, ya loda tumatirinsa, wahalar shekara guda, za a kai kasuwa. Mota ta riƙa haye tudu kamar barewa. A wani shinge jami'i ya duba takardu, ya mayar wa direba, har ya ce Allah ya kiyaye hanya, sai ya ƙara da cewa, "Tsohuwar nan ba ta ko tari." Ai kuwa kai ya fasu. Direba ya sauko ya ɗaga bonet, ya ce, "Yallaɓai, zo ka ga abin da ke ciki, ka ba iyalinka labari." Jami'i ya sunkuya yana yabawa, ya goge lambar injin da yatsa, ya sake neman takardu. Lamba daban, takarda daban. Ina rasit? Tuni direba ya goge sandar gwajin mai da shi ya yar. Aka riƙe mota sai an tabbatar injin ba na sata ba ne. Kafin a nemo mai shagon da ya sayar da injin ya ba da shaida, tumatir ya zama miya a kwando. Manomi ya zauna gefen titi yana kallon ruwan na ɗiga.

Har gobe direban nan yana kai ƙarar duniya a tasha. Amma in an tambaye shi wa ya buɗe bonet, sai ya dubi hannunsa ya ce, "To, wannan dai ba na aro ba ne." Dama Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.