Shingen da Akuya Ta Ƙi Ci

Mai lambu ba shi da maƙiyi a duniya kamar akuya. Haka dai masu lambu ke faɗa. Ita akuyar ba a taɓa jin ta bakinta ba.

An yi wani mai lambu a bakin fadama, wanda awakin unguwa suka mayar da alayyafonsa abincin sadaka. Ya yi shingen ƙaya, suka tsallake. Ya yi na kara, suka fara da shingen. Wata damina sai ga wani tsiro a kan jujin da ke gefen lambun, ganye fato-fato, fure fari kamar bakin kakaki, 'ya'ya duk ƙaya. Ya lura awakin nan, da ko takardar ƙunshin ƙosai ba sa bari, in sun iso wurin sai su shinshina su ratse. Wani da ya ga haka, tambaya zai yi. Shi kuwa iri ya ɗiba, ya zagaye lambun da shi. Wata tsohuwa mai sarin ganye a wurinsa ta ce, "Malam, zaƙami ne fa, haukata-yaro. Abin da akuya ta ƙi, kai me ka gani a jikinsa?" Ya ce, "Inna, ai abin da na gani ke nan."

Shinge ya yi kyau, har maƙwabta suka zo roƙon iri. Da 'ya'yan zaƙamin suka bushe suka fashe, ruwan ban-ruwa ya kwashi ƙwayar ya raba wa kowane fangali, ba son kai. Ƙananan tsirai suka ɓullo a cikin alayyafo. Matarsa ta ce a tuge su, ya ce ɗan haki ne, ranar noma zai haɗa da su. Ranar yanka ta riga ranar noma zuwa, lauje kuwa ba ya tambayar ganye sunansa. Aka yi miya a gidansa, aka yi a gidajen da suka saya. Kafin la'asar maƙogwaro ya bushe, ido ya koma gani dishi-dishi, mai lambu na durƙushe a tsakar gida yana gaida turmi, yana tambayarsa iyali. Asibiti aka kwashe su, autarsa kuwa da ƙyar aka ceto ta.

Shingen dai ya cika alkawari: har yau akuya ba ta shiga lambun ba. Masu sari ma haka. Da ma Hausawa sun ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.